Watan Da Albashin Gidan Burodi Ya Koma Banki

Abdulsalami ɗan unguwar Hashimi ne a garin Suleja. Mahaifinsa maɗinkin hula ne, shi kuwa ya yi firamare har aji bakwai, ya fito da rubutun hannu mai kyau wanda malamai suka daɗe suna nuna wa 'yan baya. Jarrabawar shiga sakandare ce dai ba ta yi ba. Ya yi shekara tara yana rubuta rasit a siton wani mai sayen hatsi, sannan a shekarar 1971 wata Bayarabiya 'yar Ogbomosho mai suna Olufunke, wadda kowa ke kira Mama Bola, ta ɗauke shi akawu a gidan burodinta da ke unguwar Magajiya. A lokacin garin Abuja ake ce masa, kuma burodin da ake gasawa a yini bai wuce abin da masu shayi da 'yan tebur za su kwashe kafin hantsi ba.

Ma'aikata shida ne. Babbansu Baba Rabi'u mai tanderu, dogon mutum marar yawan magana, wanda ya koyi gashi a Kaduna tun zamanin Turawa. Shi kaɗai ya san zafin tanderun nan na ƙasa, hannu kawai yake zurawa ya ce a ƙara itace ko a janye. Mama Bola ba ta ɗaga wa kowa ƙafa, amma shi ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

Asabar ɗin ƙarshen wata ranar Abdulsalami ce. Yakan sa farar riga, ya fito da tebur bakin rumfa, ya jera ambulan, ya riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka kira ya matso, ya karɓa da hannu biyu, ya dangwala yatsa, ya ce an gode Akawu, kamar daga aljihunsa kuɗin suka fito. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma yana son ranar nan.

A 1976 gwamnati ta ce za a gina sabon babban birnin ƙasa a maƙwabtan garin. Ba a daɗe ba sunan Abuja ya koma can, nan kuma aka fara cewa Suleja. Masu awon ƙasa suka zo, kamfanonin hanya suka kafa sansani, leburori suka cika gidajen haya, kuma kowa cikinsu burodi yake karyawa da shi. Mama Bola ta sayi fili a hanyar Gauraka ta gina babban gidan gashi, ta kawo injin murza ƙullu. Kafin damina ta zagayo ma'aikata sun kai ashirin da biyu. Manyan masu saye yanzu kantinan kamfanoni ne, su kuwa da cek suke biya, don haka kuɗin gidan suka koma zama a wani reshen banki da ke cikin gari. Duk ƙarshen wata Abdulsalami ya hau kekensa ya je ya ciro albashi, ya ɗaure jakar a bayan sirdi, ya dawo.

A watan Agusta na 1977 ya fito daga banki hadari ya haɗu. Ya ce bari ya yi sauri ya riga ruwan, ruwan ya riga shi. Akwai wani kwalbati kafin a kai sabon gidan, rafi ya cika ya hau kansa har ba a ganin gefe. Ya sauka yana tura keken, ƙafarsa ta zame, shi da keke da jaka suka faɗa. Wasu mata masu dawowa da itace suka miƙa masa reshe ya kama. Keken sai washegari aka tsamo shi, jakar kuwa bai sake ta ba.

Ya iso gidan burodi takalmi ɗaya a ƙafa, gwiwa tana jini. Aka zazzage jakar, takardun naira duk sun manne da juna kamar ganyen da aka dafa. Baba Rabi'u ya sa aka jera gwangwanayen burodi a kan rufin tanderu, aka riƙa ɓanɓare takardun a hankali ana shimfiɗawa, ma'aikata ashirin da biyu suna tsaye suna kallon albashinsu yana tururi. Kaɗan suka yage. Mama Bola ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka wanke masa ciwon, ta tsaya ta daɗe tana duban rufin tanderun, sannan ta ce wannan ne karo na ƙarshe da wani zai ɗauko mata kuɗin mutane a kan keke. Ta ji kamfanonin hanya ta banki suke biyan direbobinsu, ya je ya tambayo yadda ake yi.

Ranar Litinin ya je yana ɗingishi. Aka haɗa shi da wani ma'aikacin banki mai suna Sebastine, ɗan kudancin Zariya, mai Hausa tsaf da haƙurin bayani. Sebastine ya ce abin ba wuya a takarda. Kowane ma'aikaci zai buɗe asusun ajiya da sunansa, da hoto biyu, da wanda zai tsaya masa, da sa hannu ko dangwale. Kwana uku kafin ƙarshen wata gidan burodi ya kawo jerin sunaye, kowane suna da lambar asusunsa da abin da za a zuba masa, tare da cek guda ɗaya. Sauran aikin na banki ne. Ya ƙara da cewa bai taɓa ganin ƙaramin wuri irin nasu ya yi ba, amma babu dokar da ta hana. Ya ba shi fom ashirin da biyar, uku na kuskure.

Da aka tara ma'aikata aka gaya musu, kowa ya koma bakin aikinsa. Daga baya maganganu suka fito ta bayan fage, duk kuma wurin Abdulsalami suke zuwa. Wani ya ce yadda ya ji, kuɗi in sun shiga banki sai mai Turanci ke fito da su. Wani ya ce dabara ce ta rage albashi ba a gani ba. Direban motar rabo ya ce shi bai ƙi ba, amma wa zai biya shi yinin da zai ɓata a layi. Wadda ta fara karɓar fom ita ce Asibi, Bagwariya mai naɗe burodi a takarda, bazawara mai 'ya'ya uku. Ta ce ita dama a cikin tukunya take ajiye nata, kuma gara ta taɓa cinye mata naira goma sha biyu. Da maza suka ga mace ta riga su, huɗu suka biyo, sannan sauran suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya.

Sunaye suka ba shi wahalar da bai zata ba. Shekara da shekaru yana rubuta Dogo, Ɗan Bida, Injiniya, Na-Gwari, kowa ya san wa ake nufi. Fom kuwa yana son sunan yanka da na uba da shekarar haihuwa. Sai ga Muhammadu uku, biyu cikinsu sunan ubansu ɗaya. Shekarar haihuwa kuma yawancinsu ba su sani ba. Abdulsalami ya riƙa zama da mutum yana tambayarsa ko ya yi wayo lokacin da aka samu 'yancin kai, ko ya fara azumi kafin yaƙin basasa, daga nan ya ƙiyasta ya rubuta. Ranar hoto aka kira mai hoto har gida, ya rataya baƙin ƙyalle a jikin buhunan fulawa. Kwat ɗaya ce ta direba, mutum tara suka ɗauki hoto da ita.

Mama Bola ta tsaya wa kowa, ta sa hannu a fom ashirin da ɗaya. Na ashirin da biyu na Baba Rabi'u ne, ya ƙi karɓa. Bai yi gardama ba, ya ce dai ya ji banki na ɗora ruwa a kan ajiya, shi kuma ba zai haɗa guminsa da kuɗin ruwa ba a wannan shekarun. Abdulsalami ya koma wurin Sebastine, ya dawo da amsar cewa mutum na iya rubuta takarda ya ce ba ya so a ɗora masa komai. Baba Rabi'u ya ce zai tambayi limamin unguwarsu. Sati biyu aka yi kafin ya ce to.

Suka tafi bankin tare. Sebastine ya kama babban yatsansa ya danna a tawada ya danna a kati, sai ga baƙin tabo sumul, babu zane ko ɗaya. Aka gwada na hagu, haka. Shekara talatin na kama gwangwani mai zafi sun shafe yatsun. Aka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ke layi suna leƙe, tsohon yana tsaye hannuwa baƙi ƙirin. Sebastine ya ce ba zai iya karɓar wannan ba, sai dai a koya masa ko harafi biyu ne na boko ya riƙa zanawa.

"Dole sai da boko?" in ji Baba Rabi'u.

Sebastine ya shiga ya tambayi manaja, ya fito ya ce kowane irin rubutu ne, in dai kullum iri ɗaya zai riƙa yi. Tsohon ya goge hannu, ya karɓi biro, ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da ajami, layi miƙe, baƙaƙe a zaune. Abdulsalami ya tsaya yana kallo. Shekara shida yana miƙa wa mutumin nan tawada ya dangwala, bai taɓa tambayarsa ko yana rubutu ba.

Saboda wannan jinkirin, lambar asusun Baba Rabi'u ita ce ta ƙarshen fitowa. Abdulsalami ya riga ya tsara jerin Oktoba a wata tsohuwar takarda, ya rubuta sunan tsohon can sama a gefe, ya ce in lamba ta zo sai ya cike. Lambar ta zo, ya rubuta ta a bangon littafinsa. Ranar da zai kai jerin ya zauna ya kwafe shi a farar takarda da takardar kabon a ƙasa don kwafi, da rubutun nan nasa mai kyau, ya haɗa jimla daga sabuwar takardar, Mama Bola ta rubuta cek daidai da jimlar. Suna ashirin da ɗaya ne a jerin. Ba wanda ya ƙirga.

Ranar biya aka raba mutane kashi biyu don kada aiki ya tsaya. Baba Rabi'u ya gama gashin safe, ya je gida ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya bi layi tare da samarin da ya koya wa aiki. Kowa ya miƙa littafinsa, aka buga hatimi, aka ƙirgo masa. Asibi ta ciri rabi ta bar rabi, ta fito tana juya littafin. Da aka zo kan tsohon, kashiya ya duba kati, ya sake dubawa, ya ce babu abin da ya shigo. Ya faɗa da ƙarfi don hayaniya, kowa ya ji. Baba Rabi'u ya karɓi littafinsa ya sa a aljihu ya fita. Bai koma gidan burodi ba, washegari ma bai zo ba.

Abdulsalami ya gano abin tun yammacin ranar. Ya buɗe kwafin kabon ya bi da yatsa sau uku, ya rufe, ya sa a aljihun tebur. Mama Bola kuwa ba ta yi shakkar cewa laifin banki ne ba. Ta yini tana cewa ita ta san takardar Akawu, ba ta taɓa kama shi da kuskuren kobo ba, ran Litinin za ta je ta ga wannan Sebastine da manajansa. Abdulsalami yana ji, bai ce komai ba. Lahadi mataimakin mai tanderu ya yi gashi, rabin burodin ya ƙone ta ƙasa, cikinsa ɗanye, kantin kamfani ɗaya ya dawo da nasa. Matarsa Hannatu ta ga bai taɓa tuwon rana ba, ta tambaya, ya ce gwiwar ce ta tashi.

Litinin da safe Mama Bola ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci ta ce ya ɗauko kwafin ya biyo ta. A cikin motar rabo suka tafi, tana gaba yana baya tsakanin kwanduna. Suka isa suka sauka. Sai da ta taka matakalar bankin, ya hango Sebastine ta taga yana jera katuna, sannan ya ce, "Mama, ki dakata. Ba su ba ne. Ni na tsallake sunan."

Ta juyo ta karɓi takardar, ta bi sunayen da farce har ƙasa. Ta tambaye shi yaushe ya sani. Ya ce tun Asabar.

"Kuskuren ban ji zafinsa ba, Akawu," in ji ta. "Kwana biyun nan da ka bar ni ina zagin bawan Allah, su ne zan daɗe ban manta ba."

Ta shiga ta ciro albashin tsohon ta sa a ambulan, ta ba shi, ta ce shi ya ɓata, shi zai je ya gyara, kuma asarar burodin Lahadi za ta fita daga albashinsa a wata uku. Ta hau mota ta bar shi nan.

Ya sami Baba Rabi'u a ƙofar gida yana gyaran igiyar guga. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo. Abdulsalami ya tsuguna ya faɗi abin da ya faru tun daga tsohuwar takarda har zuwa matakalar banki, bai rage shirun kwana biyun ba. Ya ajiye ambulan a kan tabarma. Tsohon bai kalle ta ba, ya ci gaba da tufka.

"Da kai ke kiran suna, in ka tsallake ni sai in ce Akawu ga ni," in ji shi. "A can wa zan ce wa ga ni? Yaron ko fuskata bai duba ba, kati ya duba."

Abdulsalami ya ce gaskiya ne. Ya ce in Baba yana so, zai roƙi Mama a riƙa ba shi nasa a hannu shi kaɗai. Tsohon ya ƙulle bakin igiyar. Ya ce a'a, ba zai zama shi kaɗai ake yi wa daban kamar mara lafiya ba. Abin da yake so shi ne duk wata, kafin takardar ta bar gidan, a tara mutane a karanta ta da baki, kowa ya ji sunansa da lambarsa ya amsa. Sannan ya ɗauki ambulan ɗin ya tura ƙarƙashin tabarma, ya ce gobe zai fito.

Haka aka riƙa yi. Mama Bola ta hana karanta adadin kuɗi, suna da lamba kawai. Cikin wata huɗu kowa ya haddace lambarsa, har samarin suka fara tsokanar juna da ita. Waɗanda ke cire albashinsu kaf ranar farko sun fi yawa, amma akwai masu bari. Direba bai daina ƙorafin layi ba, sai aka ba kowa rabin yini ranar biya. Tsakanin Abdulsalami da Mama Bola kuwa abin bai koma yadda yake ba. Ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai duk takardar da ya kawo sai ta ƙirga layukanta kafin ta sa hannu, a gabansa.

Aikinsa ya ragu. Abin da ke cin masa kwana uku ya koma na awa biyu, kuma ba mai ce masa an gode a ƙarshen wata. Amma labari ya zaga. Sebastine, wanda bai taɓa sanin abin da ya kusa faɗo masa ba, shi ya riƙa turo masa mutane: mai buga bulo da leburori goma sha biyar, mai injin katako, wata mai makarantar rainon yara. Duk wanda ya je banki yana tambayar yadda ake biyan ma'aikata ta asusu, sai a ce ya nemi akawun gidan burodi. Abdulsalami yakan je bayan la'asar ya zauna da ma'aikatansu, ya tono sunayen yanka, ya ƙiyasta shekaru, ya fara tambayar kowa ko yana rubutu kowane iri kafin ya buɗe tawada. Kuma duk inda ya tsara, sai ya sa sharaɗin karanta jerin a bainar jama'a.

A tsakiyar 1979 'yar Mama Bola ta gama makarantar koyon tafireta a Ilorin ta dawo. Banki ma ya fara cewa ya fi son jerin da aka buga da na hannu. Ba wanda ya ce wa Abdulsalami ya tafi, shi ya ga teburin ba zai ɗauki mutum biyu ba. Ya yi sallama a ƙarshen Yuli. Mama Bola ta ba shi albashin wata biyu da buhun fulawa, ta ce ƙofa a buɗe take, su duka sun san magana ce ta ladabi.

Ya kama wani ɗan shago a layin bankin, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da littattafan makaranta. Ya sayi tsohuwar tafireta a hannun wani ɗan kwangila da zai koma gida, ya koyi bugu da yatsa biyu. Harafin "e" nata yana maƙalewa, sai ya sa tsinke ya ɗago shi. Zuwa ƙarshen shekarar wurare goma sha ɗaya yake yi wa jerin albashi, ban da masu zuwa cike fom da rubuta wasiƙa. Daga ashirin da biyar ga wata zuwa ashirin da takwas ba ya samun sukunin cin abinci a zaune. Sauran kwanakin kuwa shagon shiru, yakan fito da benci ya zauna da mai agogo suna sauraron rediyo, suna kallon manyan motocin yashi suna wucewa.